The Shadows: yaran Cliff Richard ne ko abokan tafiyarsa?

Tsohon Garmaho: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar da Bakatsine ya yaɓa jiya da daddare, wai makaɗi komai gwanintarsa yaron mawaƙi ne, kada ya zaci ƙyale ta na yi. Ga amsa. A watan Agusta na 1960, waƙar da ke saman jadawalin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya ta Cliff Richard ce, "Please Don't Tease". Wa ya sauko da ita? Yaran gidansa. Samarin nan huɗu da ke tsayawa a bayansa in ya hau dandamali, The Shadows, su suka fitar da "Apache", kiɗa zalla, ba a furta ko kalma ɗaya a ciki ba, ya haye lamba ɗaya ya yi mako 5 a kai. Waƙar da suka ture ɗin ma su suka yi mata kiɗa, kuma ɗayansu, Bruce Welch, da hannunsa a rubuta ta. To Bakatsine, a nan wa ke yaron wa?

Bakatsine: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ai ni ban ce ba su iya ba. Cewa na yi ba don mawaƙin ba, da babu wanda zai san da zamansu. Cliff ya riga ya yi suna kafin su zo. "Move It" ta kai lamba 2 a 1958, lokacin Hank Marvin da Bruce Welch suna gararamba a Landan suna neman na sawa a baka. Shi ya ɗauke su aiki, ba su suka ɗauke shi ba.

Maman Hanifa: Malam Bakatsine, ka ɗauko misalin da zai kayar da kai. Wa ya rubuta "Move It"? Ian Samwell, mai kaɗa jita a ƙungiyar Cliff ta lokacin. Jitar nan kuma da ke buɗe waƙar, wadda ita ce ke fara kama kunnen mutum, wani makaɗin haya ne ya kaɗa ta, Ernie Shear, wanda furodusa Norrie Paramor ya kira sutudiyo don bai gama yarda da hannun yaran ba. Sunansa bai fito a jikin faifan ba. Asali ma a bayan faifai aka so a ɓoye waƙar, sai da Jack Good, mai shirya wani shirin kiɗa a talabijin, ya nace cewa ita ce waƙar, ba ta gaban ba. Ka ga tun ranar farko akwai masu ɗauke da kayan.

Bakatsine: Hajiya, ai kin faɗa da bakinki, sunansa bai fito ba. Haka duniyar take.

Tsohon Garmaho: Bari in ɗauko zancen daga tushe saboda yaran zaure da ba su san mutanen nan ba. Cliff sunansa na ainihi Harry Webb, a Lucknow ta Indiya aka haife shi a 1940, iyayensa suka koma Ingila a 1948. Ƙungiyarsa ta farko The Drifters ake ce mata, kuma abokai ne kawai na unguwa, ba wasu gwanaye ba. Da "Move It" ta yi kasuwa sai aka sa shi cikin rangadin zagaya ƙasa tare da wasu tagwaye mawaƙa daga Amurka, Kalin Twins, a watan Oktoba na 1958. Nan fa ya zama dole a nemo mai jita na gaske.

Manajansa John Foster ya nufi wani shagon shan kofi a unguwar Soho mai suna 2i's, wanda a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ɗaki matsattse inda samari masu kiɗa ke taruwa. Tony Sheridan ya je nema. Bai same shi ba, sai ya tarar da wani siririn yaro mai tabarau, ɗan shekara 16, Hank Marvin. Ku ji ƙarfin hali: yaron da ba shi da ko sisi ya ce zai zo, amma da sharaɗi, sai an haɗa da abokinsa Bruce Welch. Tare suka yi makaranta a Newcastle, tare suka zo Landan a 1958 don wata gasar kiɗa, ba su ci ba, suka ƙi komawa gida. A wannan rangadin suka haɗu da Jet Harris mai jitar bas, sannan Tony Meehan mai ganguna ya shigo a farkon 1959, shi ko 16 ɗin bai cika ba. Kafin a ankara babu ko mutum ɗaya daga 'yan asalin ƙungiyar a bayan Cliff. Samwell ya koma rubuta waƙa.

Sunan Drifters kuwa dole ce ta raba su da shi, don akwai babbar ƙungiyar mawaƙa baƙar fata a Amurka mai wannan suna, masu ita suka taso da maganar kotu. Har sai da aka fitar da wani faifan yaran a can da sunan The Four Jets. A 1959 Jet Harris ya kawo shawarar The Shadows, aka zauna a kai.

Bakatsine: Madalla da tarihi Baba. Tambaya ɗaya: jar jitar nan da ake ta kururutawa, wa ya saya?

Mai Jita: Kawu, wannan fannina ne, a ba ni dama. Gaskiya ne Cliff ne ya biya kuɗin. Fender Stratocaster ce ja, a 1959 aka yi odarta kai tsaye daga Amurka, don a lokacin ba a samun jitar Amurka a shagunan Ingila, gwamnati ta taƙaita shigo da kayan can tun bayan yaƙin duniya na biyu. Ana yi mata kallon ta farko da ta shiga ƙasar. Abin dariyar shi ne, so suke su sayi irin ta James Burton, makaɗin Ricky Nelson. Sun san Fender yake riƙewa amma ba su san wace iri ba, sai suka buɗe kundin kamfanin suka nuna mafi tsada, a zatonsu babban makaɗi ai mai tsada zai riƙe. Ashe shi Telecaster ce tasa.

Amma Kawu, sayen jita daban, fitar da sauti daban. Duk wanda ya zauna koyon "Apache" ya san inda gizo ke saƙa. Hannun hagu ba shi da wuya, ɗan koyo ma zai haddace inda zai danna. Aikin yana hannun dama. Akwai wani ɗan mariƙin ƙarfe a gindin tsirkiyoyin, in ka danna shi sai su saki, in ka sake shi su ɗaure. Hank yana riƙe da shi a cikin yatsunsa a daidai lokacin da yake kaɗawa, duk sautin da ya ja sai ya ɗan girgiza shi a ƙarshe, sai ka ji jitar tana rawar murya. Wannan ma larura ce ta koya masa. Tsirkiyoyin zamanin masu kauri ne, ba sa lanƙwasuwa da yatsa. Burton siraran tsirkiyoyin banjo yake sawa a tasa, shi ya sa yake murɗa su yadda ya ga dama, Hank kuwa bai san sirrin ba, sai ya koma ga mariƙin.

Sannan ga na'urar amsa-kuwwa ƙirar Italiya, Meazzi. Tana naɗar sautin da ka kaɗa, wasu kawuna da aka jera a cikinta su riƙa maimaita shi ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido. In ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu ka kaɗa sau ɗaya, sai ka ji kamar sau uku ka kaɗa. Duk wannan ya bi ta amfilifayar Vox, wadda ita ƙirar Ingila ce. Kada kuma a manta da Bruce. A "Apache" jitar katako ta Cliff ya ara, Gibson J-200, kuma hannunsa bai kauce ko sau ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Mu da ke aikin sutudiyo mun san irin wannan mutumin ya fi mai burgewar wuyar samu.

Bakatsine: To ɗana, ai ka gama min aikin. Jitar Cliff, kuɗin Cliff, na'urar Italiya. Saura me?

Mai Jita: Saura hannu, Kawu. Bert Weedon, wanda shi ne babban malamin jita a Ingila a lokacin, ya riga su ɗaukar "Apache" ɗin nan a faifai. Tasa a lamba 24 ta tsaya.

Tsohon Garmaho: Allah ya yi maka albarka Mai Jita. Shi kiɗan Jerry Lordan ne ya tsara shi. Suna rangadi tare a 1960 ya kaɗa musu shi da 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, ukulele, suka ce suna so. A watan Yuni suka shiga sutudiyon EMI da ke Abbey Road suka ɗauka. Paramor ma da farko ɗaya kiɗan ya fi so a sa a gaba, "Quatermasster's Stores". Ina da faifan, na gado ne daga yayana, ƙarami mai gudu 45, tambarin Columbia kore a tsakiya. In ka ɗora allura, kafin jita ta shigo akwai wata ganga da ke fara bugawa a hankali. Kun san wa ke buga ta? Cliff Richard. Wata gangar ƙasar Sin ce aka samu a sutudiyon aka miƙa masa.

Maman Hanifa: Hhhh. Wato ranar maigida ne ya koma ɗan amshi.

Bakatsine: Ku yi dariyarku. Amma mu dawo gida. Duk wanda ke zauren nan ya san Mamman Shata, wasu sun haddace waƙoƙinsa baiti-baiti. A faɗa min sunan mai kalangunsa guda ɗaya ba tare da an je tambaya ba. Kuma kowa ya san in aka cire kalangu da amshi daga waƙar Shata an rage mata ƙarfi. Duk da haka sunan wa ya rage? Abin da nake faɗa ke nan. Mutane murya suke bi, magana suke riƙewa. Kiɗan da babu waƙa a kai, in an gama ji me za ka maimaita?

Tsohon Garmaho: Yanzu ka zo inda nake jiranka. Rashin sanin sunan masu kalangun ba shaida ba ce a kan makaɗan, shaida ce a kan yadda aka tsara sana'ar. Ba a rubuta sunansu a kaset ba, ba a ba su fili su yi nasu ba, to ta ina za a san su? The Shadows abin da ya bambanta su shi ne abu biyu da suka samu tun suna yara. Sunansu yana jikin faifan, Cliff Richard and The Shadows ake rubutawa. Kuma suna da yarjejeniyarsu ta kansu da Columbia, suna fitar da nasu faya-fayan. A wurin wasa ma sai sun yi nasu zangon su kaɗai kafin Cliff ya fito. Da aka buɗe musu wannan ƙofar, dubi abin da ya biyo baya: "Kon-Tiki" lamba ɗaya a 1961, "Wonderful Land" lamba ɗaya a 1962 har mako 8, "Dance On!" da "Foot Tapper" a 1963. Kundinsu na farko a 1961 da na biyu a 1962 duk sun hau lamba ɗaya. Batun me za ka maimaita kuwa, je ka saurari "Wonderful Land" sau biyu ka ga ko ba za ka wuni kana yin ta da fito ba.

Maman Hanifa: Baba, na yarda da kai a kan suna, amma kada a mai da su waɗanda ba a taɓa cuta ba. "F.B.I." ta 1961 su Hank da Bruce da Jet suka tsara ta, amma duba faifan, sunan manajansu Peter Gormley ne a wurin marubuci, saboda sarƙaƙiyar yarjejeniyar buga waƙa. Kuma ni abin da ya fi burge ni da su ba jadawalin ba ne, rubutun da suka yi wa maigidan ne. "Summer Holiday" Bruce Welch ne da Brian Bennett suka rubuta. "Bachelor Boy" Bruce ne da Cliff. "Living Doll" ta Lionel Bart ce, amma da sauri aka tsara ta, Bruce ne ya ce a sassauta ta, kuma a hakan ta zama lamba ɗaya ta farko ga Cliff a 1959. Wanda ke rubuta maka waƙa, ya gyara maka wadda wani ya rubuta, ya kaɗa maka ita, ya fito a fim ɗinka, ban san me ya rage a kira shi yaro ba.

Na Zongo: Salam iyaye da yayye. Ni fa na ɓace a sunaye. Ɗazu an ce Tony Meehan ne mai ganguna, yanzu kuma na ji Brian Bennett.

Tsohon Garmaho: Ba ka ɓace ba ɗana, canji aka yi. Huɗun farkon ba su daɗe tare ba. Meehan ya fita a watan Oktoba na 1961 ya koma kamfanin Decca yana aikin furodusa, Brian Bennett ya gaje shi, daga ƙungiyar Marty Wilde ya zo. Jet Harris ya fita a Afrilun 1962, shan giya ya yi masa yawa kuma zama da Bruce ya ƙi daɗi. Brian Locking ya karɓi bas, shi ma a 1963 ya ajiye don ya ba da lokacinsa ga addininsa, yana cikin Shaidun Jehobah. Sai John Rostill, wanda ya fi su daɗewa a kan bas ɗin.

Ga wani abin mamaki da ya faru a farkon 1963. Janairu ta kama Cliff ne a lamba ɗaya. The Shadows suka sauke shi da "Dance On!". Mako ɗaya tak suka yi, sai ga Jet Harris da Tony Meehan, waɗanda suka bar ƙungiyar, sun haɗa kai sun fito da "Diamonds", shi ma kiɗa zalla, shi ma na Jerry Lordan, suka ture tsofaffin abokansu. A watan Maris "Summer Holiday" ta hau, "Foot Tapper" ta sauke ta, ta sake komowa. In ka cire mawaƙi Frank Ifield da ya ratsa tsakani, wata uku gida ɗaya ne ke karɓa-karɓa da kujerar. A "Diamonds" ɗin nan akwai wani matashin makaɗin haya da ya riƙe jitar rakiya, Jimmy Page, wanda daga baya ya kafa Led Zeppelin. Jet kuwa haɗarin mota ya same shi a watan Satumba na shekarar, daga nan tauraronsa bai sake tashi kamar da ba.

Bakatsine: Baba ka tsaya a Maris, ƙarasa mana. Afrilu wa ya hau? Gerry and the Pacemakers. Mayu fa? The Beatles. Samarin Liverpool suka zo da murya da waƙar da suka rubuta da kansu, kasuwar kiɗa zalla ta faɗi. The Shadows ba su sake ganin lamba ɗaya da ƙaramin faifai ba, a ƙarshen 1968 suka watse. Cliff kuwa ya yi lamba ɗaya a shekarun 1950 da 1960 da 1970 da 1980 da 1990. Wannan ba ra'ayi ba ne, lissafi ne.

Mai Jita: Lissafin daidai ne Kawu, amma su Beatles ɗin daga ina suka fito? A 1961 a Hamburg sun ɗauki wani kiɗa zalla, "Cry for a Shadow", John Lennon da George Harrison suka tsara, salon su Hank suke kwaikwaya a ciki, ko da wasa ko da gaske. Tsarin nan na jita biyu da bas da ganguna ba The Shadows suka ƙirƙira ba, Buddy Holly da The Crickets sun riga su, kuma sun zo Ingila a 1958. Amma The Shadows ne yaran Ingila suka riƙa gani a talabijin, da kwat iri ɗaya da takun nan nasu na gaba da baya a tare, har kowane yaro ya ce a saya masa jita. A 1996 an yi kundin girmama Hank mai suna "Twang!". Duba waɗanda suka zo: Brian May na Queen, Ritchie Blackmore na Deep Purple, Tony Iommi na Black Sabbath, Peter Green, Neil Young, Mark Knopfler. Waɗannan ba wurin Cliff suka koyi sana'a ba.

Ɗan Agadas: Gaisuwa ga manya. Tunda an ambaci Knopfler bari in sa baki. Shi ma a yankin Newcastle ya girma, kuma ya sha faɗa cewa yana yaro burinsa jar Fender irin ta Hank Marvin, mahaifinsa ba shi da halinta, ya sayo masa wata jar Höfner mai sauƙin kuɗi. Su kuma masu jitar Abzinawa, Dire Straits, ƙungiyar Knopfler, na cikin abin da suka saurara sosai a shekarun da suka yi a Aljeriya da Libiya. Bombino, makaɗin jitar nan na Agadas, ya faɗa cewa bidiyon Knopfler da na Jimi Hendrix yake kallo yana kwaikwayo. Ban ce kiɗan Abzinawa daga Ingila ya zo ba, a'a, tushensa gangar tende ne da gogen imzad da waƙoƙinsu na gado. Amma tsabtataccen sautin nan na jitar lantarki da muke ji a bukukuwan aure a nan, wanda kowace tsirkiya ke fita sarai, akwai hanyar da ya biyo, kuma ta ratsa ta Newcastle.

Na Zongo: Ni kuma ta wata ƙofa na san "Apache", ban ma san na Turawan Ingila ba ne sai yau. A 1973 wata ƙungiya a Amurka, Incredible Bongo Band, ta sake kaɗa shi da ganguna masu yawa. DJ Kool Herc da sauran masu juya faifai a unguwar Bronx ta New York suka riƙa maimaita wurin da gangunan ke bugawa su kaɗai, masu rawa na rawa, masu baki na zuba. Sugarhill Gang suka yi tasu a 1981. Har yau ana yankar gangunan nan ana sawa a waƙoƙin hip hop.

Bakatsine: Yawwa, Amurka. Baba, in sun kai yadda kake faɗa, me ya hana su cin kasuwar Amurka? Can wani mutumin Denmak ne, Jørgen Ingmann, ya kai "Apache" lamba 2 a 1961. Su ko ƙyallinsu ba a gani ba.

Tsohon Garmaho: Amurkawa suna da nasu, Duane Eddy da The Ventures, ba su da yunwar jita daga waje. Amma in wannan ne ma'auni, shi maigidan naka fa? Bai shiga goman farko a Amurka ba sai 1976 da "Devil Woman". Kafin Beatles, 'yan Ingila ƙalilan ne suka tsallaka tekun nan. Sauran duniya kuwa sun karɓe su, Turai, Ostiraliya, Afirka ta Kudu inda suka je rangadi a 1961.

Bakatsine: Baba da girmanka, kana kauce wa tambaya kamar ɗan siyasa.

Admin: Malam Bakatsine a sassauta, Baba ne fa. A ci gaba, muhawarar na daɗi.

Bakatsine: Tuba nake Baba. Amma ga hujjata ta ƙarshe, kuma daga hannunsu ta fito. A 1970 Hank da Bruce suka haɗu da John Farrar ɗan Ostiraliya suka kafa Marvin, Welch & Farrar. Me suke yi? Waƙa, da baki. A 1975 The Shadows suka wakilci Birtaniya a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Eurovision, a Stockholm, da me? Da waƙa, "Let Me Be the One", suka zo na biyu bayan 'yan Holan. Su da kansu sun san murya ce sarauniya.

Tsohon Garmaho: Babu komai ɗana. Amma ka karanta rabin shafi ka rufe littafin. Marvin, Welch & Farrar sun iya waƙa, muryoyinsu na haɗuwa da kyau, amma duk inda suka je wasa jama'a "Apache" suke kira da "F.B.I.". Abin da ya mai da su ga sunan The Shadows a 1973 ke nan. Wato masu sauraro ne suka ce a ajiye muryar a ɗauko jitar. Sannan a 1977, shekarar da masu zazzafan kiɗan punk ke tashe a Landan, kamfanin EMI ya tattara tsofaffin kiɗe-kiɗensu 20 a kundi ɗaya, "20 Golden Greats", ya tafi lamba ɗaya.

Maman Hanifa: A nan kuma zan raba gari da kai Baba. Nasarar 1977 ɗin ce ta ɓata su. Sun gano cewa in suka ɗauki waƙar da kowa ya sani suka kaɗa ta da jita za a saya, sai suka zauna a kan haka. "Don't Cry for Me Argentina", kiɗan fim ɗin The Deer Hunter, "Riders in the Sky", sannan bayan sun koma kamfanin Polydor a 1980 kundi bayan kundi na waƙoƙin mutane. An sayar, ban musa ba. Amma wutar da ke cikin "Man of Mystery" da "The Savage" babu ita. Yaran da suka firgita iyaye a 1960 sun koma masu kiɗan da ake sawa a ɗakin jiran likita. Ni The Shadows ɗina daga 1960 ne zuwa 1964, "The Rise and Fall of Flingel Bunt" ce iyakata.

Mai Jita: Hajiya na fi ki sassauci kaɗan. Kiɗan Deer Hunter ɗin a saurare shi da kunnen mai koyo, yadda yake shigo da kowane sauti a hankali ba a jin bugun farko, ba ƙaramin aiki ba ne. Sauran kam ban da abin cewa.

Bakatsine: To tunda Hajiya ta buɗe, bari in ƙara. Bayan rasuwar John Rostill a 1973 ba su sake sa mai bas a matsayin cikakken ɗan ƙungiya ba. In ban da Farrar da ya ɗan zauna da su, Hank da Bruce da Bennett ne masu suna da hoto a bangon faifai. Alan Jones ya yi shekaru yana riƙe musu bas, Cliff Hall yana kan piyano, amma a matsayin 'yan haya. Da aka yi rangadin cika shekara 50 da Cliff a 2009, Jet Harris yana raye, shi ya raɗa wa ƙungiyar suna, amma ba ya cikin tafiyar. Meehan dai ya riga ya rasu a 2005, Jet ya bi shi a 2011. Ka ga Baba, su ma da suka zama iyayen gida, yara suka ajiye a baya.

Tsohon Garmaho: Wannan kam ka same ni a inda ba na son a taɓa. Batun Jet ya daɗe yana ci min rai. Amma ka lura, hujjar taka ta koma cewa mai suna a bangon faifai shi ne maigida, ko yana waƙa ko ba ya yi. Ai abin da nake faɗa tun safe ke nan.

Bakatsine: A'a Baba, ba haka na ce ba. Zan dawo bayan la'asar.

Na Zongo: Kafin Kawu ya dawo, ni gangunan ne suka dame ni. Meehan ko Bennett, wa ya fi? Me zan saurara in gane bambancin?

Mai Jita: Nemi "See You in My Drums" a kundin 1961, Meehan ne. Sannan "Little B" a kundin 1962, Bennett ne, doguwa ce, kusan duk shi kaɗai yake bugu. Bennett ya fi tsabtar hannu da ilimin kiɗa, daga baya ma kiɗan fina-finai da na talabijin ya riƙa tsarawa.

Maman Hanifa: Tsabtar hannu dai. Meehan ne ya buga "Apache" da "F.B.I." da "Wonderful Land" duk kafin ya cika shekara 19. Na Zongo, fara da waɗannan ukun, ka sa abin ji a kunne, ka bar jitar ka bi ganga kawai, sannan ka zo mu yi magana.